Kafin A Buga Ganga, A San Mai Tsai Da Ita

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da sauran masu karanta wannan mujalla, ina roƙon aron hankalinku in yi magana a kan wani al'amari da ke damun ƙauyukan Turai a shekarun nan, watau zafin bazara da hadarin da ke biyo bayansa, da irin ta'adin da su ke yi wa manoma da masu taron kiɗa. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da Turai, ƙasar da muka sani da sanyi da ƙanƙara? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da na ke so in tabbatar guda ne. Zafi da iska ba a hannun ɗan Adam su ke ba. Amma yawan rayukan da su kan salwanta a cikinsu ya danganta ƙwarai da ko akwai wani mutum ɗaya, wanda kowa ya sani, da aka danƙa wa ikon ya ce a tsaya, a watse, kuma ya faɗa da wuri.

Bari in fara da bayanin bazarar tasu, don ba irin tamu ba ce. Wata uku ne, Yuni da Yuli da Agusta. A cikinsu alkama ta ke nuna, a cikinsu a ke yankan ciyawar da za a shanya a ajiye wa shanu, a cikinsu kuma makarantu su ke dogon hutu. A arewacin Jamus, cikin watan Yuni, har ƙarfe 9 na dare rana ba ta faɗi ba. Sauran watannin shekara kuwa yawanci in ba sanyi ba sai yayyafi, ba mai son kwana a fili cikin tanti. Saboda haka duk wani babban taro na sarari, ala tilas cikin watannin nan uku za a cusa shi. Da ya ke kuma da wuya a sami fili a birni wanda zai ɗauki dubban mutane su kwana uku ko huɗu, sai masu shirya bikin kiɗa suka koma ƙauye, suna hayar gonaki da filayen kiwo.

Ga misali biyu. A kudu maso yammacin Ingila, a lardin Somerset, akwai wani ƙauye da a ke kira Pilton, mutanensa ba su wuce kimanin 1,000 ba. A shekarar 1970 wani manomi mai kiwon shanun madara, Michael Eavis, ya kira makaɗa zuwa gonarsa. Mutum wajen 1,500 suka zo, kuɗin shiga fam 1, har da kyautar madara. Wannan shi ne asalin bikin Glastonbury, wanda ya girma har ya kai ga tara mutum kimanin 200,000. A arewacin Jamus kuma akwai ƙauyen Wacken, mai mutum kimanin 2,000. Samarin garin suka fara bikin kiɗa a 1990, ya bunƙasa har a 2023 aka sai da tikiti 85,000. Ku duba fa, kowane ɗan ƙauye guda, baƙi arba'in ne da ɗoriya a kansa.

Ba na musun ƙauye yana cin moriyar abin. Manoma suna karɓar kuɗin hayar fili, mata da yara suna sai da abinci da abin sha a ƙofar gida, mai kanti ya kan yi cinikin da bai yi ba cikin wata da watanni. A Pilton har an ba da fili an gina gidajen haya masu sauƙin kuɗi don 'yan ƙauyen. A Wacken kuwa makaɗan 'yan kwana-kwanan garin su ma su kan hau dandamali, baƙi suna yi musu tafi. Amma in sama ta ɓaci, nauyin a kan ƙauyen zai sauka. Hanyarsa guda ce ko biyu, kuma siriri, motocin baƙi sun toshe ta. 'Yan kwana-kwanansa manoma ne da masu sana'a da ke aikin sa kai. Asibiti yana can nesa a birni. Baƙi in sun watse sun koma gidajensu, ɗan ƙauye shi za a bari da filin da ƙafa da taya suka dame.

Yanzu sai maganar zafi. A watan Agusta na 2003 aka yi wani zafi a Turai wanda ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi, da yawa kuma su kaɗai su ke zaune a ɗaki. Masu bincike sun ƙiyasta waɗanda suka mutu a Turai duka a bazarar nan sun kai 70,000. Masara ta ƙone a gona, ciyawa ta bushe, har makiyaya suka shiga ba dabbobi abincin da suka tanada don lokacin sanyi. A lokacin an ɗauka abu ne na sau ɗaya a rayuwar mutum. Ashe somin taɓi ne. Ran 28 ga Yuni, 2019, ma'aunin zafi ya nuna digiri 46 a wani ƙauye mai suna Vérargues a kudancin Faransa. Ran 19 ga Yuli, 2022, ya nuna 40.3 a Coningsby ta Ingila, abin da ba a taɓa rubutawa ba a ƙasar kafin ranar. A ranar nan ce wutar ciyawa ta shiga ƙauyen Wennington, gabas da Landan, ta cinye fiye da gida 15.

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai yi murmushi ya ce, digiri 40 ai abin yau da gobe ne cikin watan Afrilu. Gaskiya ne, amma a tuna ginin Bature don ya riƙe ɗumi aka yi shi, tagogi manya na gilashi, ba zaure, ba barci a tsakar gida. Ɗakin da ya ke alheri gare shi a watan Janairu, shi ya kan zame masa tanderu a watan Yuli. Masana yanayi kuma sun nuna cewa tun daga wajen 1980 Turai tana ɗumama da sauri kusan ninki biyu na sauran duniya in an haɗa.

Shi zafin nan shi ke haifar hadari, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda abin ya ke. Rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta gasa iskar da ke kanta. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa. Kowane digiri ɗaya da ta ƙaru, ta kan iya ƙara ɗaukar wajen kashi 7 cikin 100. In iska mai sanyi ta taso daga teku ta shiga ƙarƙashinta, sai mai zafin ta yi sama da gudu, tururin ya koma gajimare, ya yi ta hawa kamar hasumiya har ya wuce kilomita 10. Can sama ruwa da ƙanƙara su taru, su yi nauyi, su faɗo, su jawo iska mai sanyi tare da su. In iskar nan ta bugi ƙasa ba ta da wurin zuwa sai ta bazu, ta riga hadarin isowa. Ita ce wadda mu a nan mu kan gani ta taso da jar ƙura daga gabas tun ɗigo bai sauka ba. Abu na biyu da za a riƙe shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu ya ke yi. To, sai a dubi abin da a ke kafawa a filin biki: manyan tantuna, da rufin dandamali mai ɗauke da fitilu da lasifika masu nauyi, da allunan majigi tsaye kamar bango. Duk abubuwa ne da ke tare iska, ga shi kuma ba su da tushe a ƙasa, don na kwana uku ne.

Ko ginin dindindin ma bai tsira ba. Ran 24 ga Yuni, 2021, bayan kwanakin zafi, guguwa ta ratsa ƙauyukan manoman inabi a kudancin Morabiya, ƙasar Cek, irin su Hrušky da Mikulčice da Lužice. Ta kashe mutum 6, ta raunata wajen 200, ta lalata fiye da gini 1,000. In haka ta yi wa gidan bulo da siminti, ina ga tanti?

Watan Agusta na 2011 shi ya fi bayyana abin da na ke nufi, don cikin kwana biyar aka yi ta'adi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai. Na Amurka ya faru ran 13 ga wata a birnin Indiyanafolis, wurin babban bikin nunin amfanin gona da dabbobi na jihar Indiyana, inda manoman jihar ke taruwa kowace shekara. Mutum wajen 12,000 suna jiran waɗansu mawaƙa da a ke kira Sugarland su fito. Tun da rana a ke sa ido a kan hadari. Da ƙarfe 8:39 na dare ofishin duban yanayi ya fid da gargaɗi. Aka hau aka gaya wa jama'a inda za su fake in ta kama, amma aka ce ana sa ran za a yi wasa. Bayan wajen minti 7 da fitar gargaɗin, iska mai gudun mil 59 a awa ta iso tun ruwa bai sauka ba, ta tuge rufin dandamalin ta kifa a kan na gaba. Mutum 7 suka mutu, 58 suka yi rauni. Da aka gama bincike a 2012, aka sami abu biyu. Na fari, rufin bai kai ƙarfin da ƙa'ida ta ce ba. Na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, ba a taɓa zama an tsai da wanda ke da ikon dakatar da wasan ba. Ga shugabannin bikin, ga 'yan sanda, ga wakilan mawaƙa, ana ta kai gwauro ana kai mari, kowa yana jiran kowa, har iska ta yanke musu shawara.

Na biyu ya faru ran 18 ga watan, a bikin Pukkelpop da a ke yi a Kiewit kusa da garin Hasselt, ƙasar Beljiyam. An wuni ana zafi da gumi. Wajen ƙarfe 6 na yamma gari ya yi baƙi, iska da ƙanƙara suka afka wa mutum kimanin 60,000. Tanti ya rufta, itatuwa suka karye, ƙarafa suka faɗi. Abin bai yi rabin awa ba, amma mutum 5 suka rasa ransu, fiye da 100 suka yi rauni, aka soke sauran kwanakin bikin. Bayan shekara 11, ran 13 ga Agusta, 2022, aka sake ganin irinsa a bikin Medusa a Cullera, kusa da Balensiya ta ƙasar Sifen. Wajen ƙarfe 4 na asuba wata iska mai zafi ta faɗo daga sama, ta karya sassan dandamali, ta kashe saurayi ɗaya, ta raunata waɗansu da dama.

Sai mu dubi inda aka sami mai cewa a tsaya. A watan Yuni na 2016 aka yi bikin Rock am Ring a tsohon filin jirgin sama na Mendig a Jamus, mutum wajen 90,000. Ranar farko aradu ta faɗi ta raunata fiye da mutum 70. Da aka ga hadari bai daina ba, hukumar ƙaramin garin nan ta janye izinin ranar ƙarshe. An yi gunaguni, an yi asara, amma jama'a suka koma gida. A Wacken kuma a 2023, ruwa ya yi kwanaki yana zuba har filayen suka zama taɓo, taraktocin manoma ne ke jawo motocin baƙi ɗaya ɗaya. Masu bikin suka yi ta maza suka ce duk wanda bai iso ba kada ya zo. Wajen mutum 61,000 suka shiga, sauran aka mai da musu kuɗinsu. Waɗansu sun yi tafiya mai nisa aka komo da su daga hanya, kuma lalle ransu ya ɓaci. Ni dai a ganina ɓacin ran nan shi ne mafi arhar abin da za a iya biya a irin wannan rana.

Kada a ɗauka maganar ta filin biki ce kaɗai. Ƙauyen da ba shi da baƙo ko ɗaya shi ma haka ne. A daren 14 ga Yuli, 2021, ruwan sama mai yawan gaske ya sauka a kwarin kogin Ahr a yammacin Jamus, ƙasar ƙananan ƙauyuka da gonakin inabi. Tun kwanaki kafin nan masu duban yanayi suka yi gargaɗi. Amma hukumar gundumar ba ta yi shelar babban haɗari ba sai bayan ƙarfe 11 na dare, sa'ad da ruwa ya riga ya fara cin gidaje a ƙauyukan da ke sama. Fiye da mutum 130 suka mutu a kwarin nan kaɗai, cikinsu har da mutum 12 a wani gidan kula da naƙasassu a garin Sinzig. Ƙasa ce mai na'urori da masana da kuɗi, kuma labari ya fito da wuri. Tsakanin mai ba da labari da mai ba da umurni ne aka yi asarar awoyin da za su isa a kwashe mutane.

Faransawa kuwa, da zafin 2003 ya dafa su, sun ɗauki darasi. A 2004 suka yi doka cewa kowane magajin gari, har na ɗan ƙaramin ƙauye, ya ajiye littafi na sunayen tsofaffi da naƙasassun da suka yarda a rubuta su. In an yi shelar zafi, sai a bi sunayen nan ana buga musu waya ko a je gida a duba su, a ga ko sun sha ruwa, ko suna bukatar a kai su wuri mai sanyi. Dabarar ba ta da tsada. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne an ambaci mai aikin, an ce magajin gari, ba a ce jama'a su kula da juna kawai aka yi shiru ba. Aikin da aka ce na kowa ne, kowa ya kan ɗauka wani ya riga ya yi.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce, sau nawa a ke gargaɗi hadari ya bi ta wani gari? In kowane baƙin gajimare zai sa a watse, ba za a ƙara yin biki ba, kuma ran da aka watsa mutane sau biyu ba abin da ya faru, na uku ba mai motsawa. Amsata ita ce, shi ya sa ba a barin abin ga ganin dama. Tun kafin biki a ke rubuta ƙa'ida: in iska ta kai gudu kaza a sauko da alluna da lasifika, in ta kai kaza a fid da mutane daga tanti. Ta walƙiya ma sananniya ce. Ƙara tana tafiyar kilomita 1 cikin sakan 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga, tsawa ta iso kafin ka kai 30, hadarin yana cikin kilomita 10 da kai, lokacin fakewa ya yi, kuma ba a komawa fili sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. In ƙa'ida tana rubuce, kuma an gaya wa jama'a tun suna shigowa, mai tsai da kiɗa ba zai ji kunyar kowa ba.

Na biyu zai ce, watsa taro shi kansa haɗari ne. Wannan gaskiya ce tsantsa. A Duisburg ta Jamus, a watan Yuli na 2010, mutum 21 suka mutu a turereniya wurin bikin kiɗa, ba iska ba ruwa, hanya ce kawai ta yi wa jama'a kaɗan. Amma in an duba, wannan hujja tawa ce. Taron da aka ce ya tashi da sauran rabin awa, tafiya zai yi. Wanda aka bari sai ƙarafa sun fara faɗuwa, gudu zai yi, a gudu kuwa a ke tattake na ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofofin fita, da wurin fakewa, da wanda zai riƙe lasifika ya yi magana cikin natsuwa, duk tun kafin baƙo na fari ya iso a ke shirya su.

Na uku zai kawo Pukkelpop, ya ce ai can masu bincike na hukuma ba su ɗora wa masu bikin laifi ba, don hadarin ya zo da saurin da ba a zata ba. Na yarda akwai irin wannan rana. Amma don wata cuta ta fi ƙarfin magani ba a rufe asibiti. In gargaɗi bai samu ba, sauran abin da ya rage shi ne ƙarfin abin da aka kafa, da nisan tantuna daga manyan itatuwa, da hanyar da motar asibiti za ta bi. Waɗannan ma sai an sami mai alhakinsu, wanda zai iya cewa wannan rufi ba za a hau ƙarƙashinsa ba sai an ƙara masa nauyi a gindi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce gindin abin ko da ba a faɗa ba. Mai biki ya ci bashi, ya biya mawaƙa, ya sai da tikiti. In ya soke, asara tasa ce. Ba na zarginsa da mugunta, amma mutumin da aljihunsa ke cikin magana, idonsa ya kan ga hadari kamar zai wuce. Don haka ni a ganina ikon tsai da biki bai kamata ya zauna hannun mai cin riba ba. A ba wanda ba ya samun kwabo in an yi, ba ya rasa kwabo in an fasa, kamar yadda hukumar Mendig ta yi. Kuma ƙauyen da ya ba da filinsa lalle ya sami kujera a wurin shawarar, tun da 'yan kwana-kwanansa da taraktocinsa ne za a nema in ta ɓaci, manomansa kuma sun fi baƙo sanin inda ruwa ke kwanciya da inda iska ke bi. A Pilton an daɗe da gane hakkin ƙauye. Bayan 'yan shekaru a kan tsallake shekara guda ba a yi bikin ba, kamar 2006 da 2012 da 2018, don ƙasa ta huta, shanu su yi kiwo, mutanen gari su sarara. Mai iya barin cinikin shekara guda don ciyawa ta tsiro, ba zai kasa barin na dare guda don rai ba.

To, mu fa? Kakanninmu sun warware rabin wannan matsala da kalanda. Kalankuwa da dambe da kokawa, da yawancin bukukuwan aure a ƙauye, sai kaka ta yi, an kai amfani rumbu, sama ta washe. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da rani a ke yinsa. Muna da watannin da ba a tsoron hadari, abin da Bature ba shi da shi. Amma yanzu mu ma mun shiga yin taro ko wane wata. Ana kafa rumfunan ƙarfe na haya, ana jera lasifika a kan sanduna, ana jawo wayar lantarki a ƙasa, a tara jama'a tsakar rana cikin Afrilu, ko da la'asar cikin Mayu da Yuni, daidai lokacin da hadarin farkon damina ke kware rufin kwano. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Yawancinmu in mun gama ƙauye za a tura mu, kuma a ƙauye da wuya a yi taro ba a sa malamin makaranta cikin masu shiri ba. Roƙona shi ne, duk ran da aka kira ɗayanmu zaman shirya taro, in an gama maganar makaɗa da abinci da kujerun manya, ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Ina ruwan sha da inuwa, musamman don tsofaffi da yara? In iska ta taso ina za a shiga, ta wace ƙofa? Wane ne zai riƙa duban gabas? Wane ne, da sunansa, in ya ce a tsaya, makaɗi zai ajiye gula, ko da babban baƙo yana tsakiyar jawabi? Watakila a yi masa dariya, a ce malam ya cika tsoro. Ya daure, kada a tashi daga zaman sai an ambaci sunan mutumin, an kuma gaya wa mai gari da makaɗa. Allah ya kiyaye mu da sharrin iska da aradu, ya ba mu damina mai albarka, amin.